Kujerar da Na Tokare Mota da Ita

Ranar Laraba likita ya rubuta mana takarda, ya ce a kai matata babban asibitin Agadas, kada a wuce mako. Wata biyar ke nan tana ramewa. Abinci ba ya zama a cikinta, ƙafafunta sun yi nauyi, kuma in ta ɗan bugu da bakin ƙofa sai wurin ya yi baƙi, ya kwana goma bai washe ba. Likitan bai faɗi sunan ciwon ba. Ya dai daɗe yana duban takardar jininta, sannan ya tambaye ni ko na taɓa aiki cikin rami. Na ce ni direba ne, shekara ashirin da ɗaya ina kai ma'aikata bakin ma'adini ina dawo da su, ban taɓa sauka ba, kuma ai ba ni ne marar lafiyar ba. Ya ce haka ne. Ya ninke takardar ya miƙo mini.

Mota ina da ita, bashe ce mai buɗaɗɗen baya, da ita nake ɗan jigilar kaya tun da na bar aiki. Ba zan cusa matata cikin motar haya ba, ita da ko zama ba ta iyawa na awa guda. Na yi niyyar shimfiɗa mata katifa a baya in ɗaura rumfa. Sai dai birkin gaba ya lalace. Da na taka, sitiyari ya kama rawa a hannuna kamar mai masassara. Diskin ne suka cinye suka karkace, wato faifan ƙarfen nan da ke bayan taya wanda birki ke cizo. A cikin gari ana iya lallaɓawa. Amma hanyar Arlit zuwa Agadas, wadda kwaltarta ta mutu tun tuni, rami na bin rami, manyan motoci na fitowa daga cikin ƙura ba sallama, ba hanyar da mutum zai ɗauki marar lafiya da irin wannan birki ba ce.

Masu garajinmu kuwa, Allah ya shirye su. Ka kai mota su ce gobe, goben ta zo su ce wanda ya iya aikin ya tafi wurin zinariya. Zuwana na ƙarshe noti biyu suka bar mini a kwance. Na rantse ba za su ƙara taɓa motata ba, kuma ni in na rantse, ko a kan wauta ne, sai na cika. Ranar Alhamis na shiga kasuwar tsofaffin ƙarafa na zaɓo diski biyu na hannu masu sauran kauri, da sababbin falaket, ɗan takalmin da ke matse diskin. Na ce da safiyar Jumma'a zan yi aikin a tsakar gidana, Asabar da asuba mu kama hanya.

Wanda bai zauna a Arlit ba zai yi mamakin gidajenmu. Ba mu da itace, sai an kawo daga nesa, amma ƙarfe ga shi nan tuli. Ƙofarmu ƙarfe, gadonmu ƙarfe, azarar ɗaki ƙarfe, har tukwanen wasu daga tsohon ƙarfe aka zuba su. Duk abin da ya tsufa a wuraren aiki, ta wata hanya sai ka gan shi a kasuwa, ba kuma mai tambayar ta inda ya biyo. Haka ni ma shekara goma sha huɗu da suka wuce na ci karo da wani guntun bututu mai kauri, faɗinsa ya kai bakin babbar tukunya. Na kai wa mai walda ya raba shi biyu, ya yi wa kowanne marfi mai buɗewa, suka zama kujeru biyu na zaman tsakar gida. Na yi alfahari da su ƙwarai. Cikinsu akwai wani ɓawo mai ruwan toka da ya manne kamar ƙanzo, matata ta kankara har ta gaji ta bar shi.

Ɗaya ta zama kujerarta ta bakin murhu. A kanta take tuƙa tuwo, a kanta take tsintar shinkafa, a cikinta take ajiye kanwa da ashana don kada su yi damshi. Ɗayar kuwa 'yarmu ta tafi da ita cikin kayan ɗakinta shekara uku da suka wuce, da ta yi aure a Agadas. A gidanta ma za mu sauka. Ita ce ta fari, ita kaɗai kuma Allah ya bar mana, don haka uwarta ba ta taɓa kama sunanta. Mu mutanen Damagaram ne, matata kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa jin sunan yarinyar a bakinta ba. “'Yarka” take cewa, ko “waccan.” Ko a waya, in yarinyar ta kira, ni nake amsawa, uwar tana gefe tana saurare tana yi kamar hankalinta na kan wani abu.

Da safiyar Jumma'ar na shigo da motar tsakar gida, na sa duwatsu a tayoyin baya, na sassauta notin tayar hagu, na ɗaga ta da kirik. To a garinmu akwai doka ɗaya da kowane mai gyaran mota ya sani: ba a barin mota a kan kirik kaɗai. Wajen tsakar rana ake fasa dutse da nakiya a ma'adini, ƙasa takan girgiza har cikin unguwa, kwanuka su yi ƙara a kan kanta. Na san mutumin da motarsa ta sauka a kan hannunsa a irin wannan lokaci, har yau da hagu yake cin abinci. Na nemi gungumen da nake tokare mota da shi, ashe an faskara shi an hura wuta tun lokacin sanyi. Na yi ta faɗa ni kaɗai. Can idona ya faɗa kan kujerar bakin murhu.

Matata na kwance kan tabarma ƙarƙashin rumfa tana kallona. Na buɗe marfin, na fitar da ƙullin kanwa da ashana na ajiye mata a gefe.

“Malam, kujerar tawa ce kuma yau ta shiga aikin mota?”

“Aro na yi. Ai ba girki za ki yi ba.”

“To ka dawo mini da ita yadda ka ɗauke ta. Kada in ga baƙin mai a kanta.”

Na gangaro da ita na tura ƙarƙashin ƙashin motar, na sassauta kirik kaɗan har nauyin ya zauna a kanta. Daidai ta shiga, kamar don haka aka yi ta. Na cire tayar na kwantar.

Ina cikin kwance notin etiriye, muƙamuƙin da ke riƙe da falaket, sai na ji sallamar maƙwabcina. Dattijo ne mutumin Abzin, dogo, kullum cikin rawani, Hausarsa ba ta damu da mace ko namiji ba. Aikinsa a ma'adini shi ne awon tururin nan na uraniyom da ido ba ya gani. Bayan ya bar aiki ya shiga cikin wasu 'yan gari da ke yawo da wata 'yar na'ura rawaya suna auna ƙarafa a gidaje. In ta kusanci abu mai tururi sai ta yi ƙas, ƙas. Ni gyare nake ce mata. Sau biyu yana neman ya auna gidana, sau biyu ina ce masa gidana ba kasuwa ba ne, ya je ya tsorata mata a wani wuri. Muna shan shayi tare, muna sallah sahu ɗaya, amma a kan wannan ba mu taɓa shiryawa ba.

Ya gaida matata daga nesa, ya yi mata sannu, sannan ya juyo gare ni. Na ga igiyar na'urar a wuyansa.

“An ce ka sayo ƙarfe a kasuwa jiya.”

“Wa ya ce? Mutanen unguwar nan, ko tari mutum ya yi sai an kai labari.”

“Bari in gani, maƙwabci. Motar nan shi zai ɗauki marar lafiya.”

Da don ni ne da na kore shi. Amma ya ambaci marar lafiya, sai na haƙura. Na nuna masa diskin biyu a kan buhu. Ya kunna gyarensa, ya tsuguna, ya bi su a hankali ciki da waje. Ƙas. Shiru. Ƙas. Ya ce wannan kukan ko'ina a garin haka yake, ba komai, diskin lafiya lau ne.

Kai, na ji daɗi! Na ce, “To ka gani? Gyaren naka ya kwana da yunwa yau. Tun da ka zo sai ka yi amfani, riƙe mini wannan.”

Etiriye ba a barinsa ya yi lilo a jikin robar man birki, sai ta tsage. Ɗaure shi ake yi da waya a sama. Ya zo ya durƙusa kusa da ni ya tallafe shi da hannu biyu, ni kuma ina murɗa wayar. Ya manta bai kashe na'urar ba. Da ya sunkuya, ta yi lilo daga wuyansa ta shiga ƙarƙashin motar.

Ban taɓa jin ta yi irin wannan kuka ba. Ba ƙas, ƙas ba ne kuma. Ta ɓarke gaba ɗaya kamar an zuba ruwa cikin tafasasshen mai, ba tsayawa. Maƙwabcina ya ɗago, kukan ya ragu. Ya sake sunkuyawa, kukan ya dawo. Muka dubi juna. Na ƙarasa ɗaure wayar don hannuna ya samu abin yi.

Ya cire na'urar daga wuya, ya kai ta jikin tayar da na kwantar, shiru. Jikin kirik, shiru. Tsohon diskin, ƙashin motar, akwatin kayan aikina, duk shiru. Ina binsa da ido ina roƙon Allah a zuciyata ya sa motar ce. Wallahi da motar ce da na cinna mata wuta da hannuna ina murna. A ƙarshe ya miƙa hannu ya kai ta gindin kujerar, ta sake ɓarkewa. Ya kashe ta da sauri, ya waiwaya wajen rumfa. Matata ta juya mana baya, mayafi a kanta, na ɗauka barci ya kwashe ta.

Ya rage murya. “Daga ina?”

“Kasuwa.”

“Yaushe?”

“Shekara goma sha huɗu.”

“Wa yake zama a kai?”

Ya dubi murhu, ya ga da'irar da gindin kujerar ya bari a ƙasa, wuri ya lotsa ya yi santsi. Ya ga ƙullin kanwa a gefen tabarma. Ya tambaye ni ko a ciki ake ajiye ta, na gyaɗa kai.

Sai fushi ya taso mini, don shi ne abin da na fi iyawa. Na ce masa na'urarsa ta lalace, rana ta dafa ta. Na ce rabin garin nan a kan irin wannan ƙarfe suke kwana, ga su nan suna ta haihuwa. Na ce ciwo daga Allah yake, shi wa ya naɗa shi likita? Duk a raɗa nake yi, haƙora a cije. Ya bar ni har na ƙare.

“Ni ba likita ba ne,” in ji shi. “Ban ce shi ya sa mata ciwo ba. Ban sani ba. Abin da na sani, wannan ƙarfe bai kamata ya kwana gidan mutum ko dare ɗaya ba. Gobe ka faɗa wa likitan Agadas, kada ka ɓoye.”

Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba ko a hanya. Na kai hannu ga kirik zan ɗaga motar in fizge abin in jefar bayan katanga. Ya riƙe mini hannu. Ya ce in dubi inuwa, lokacin nakiya ya kusa, ga birki a warwatse, in motar ta faɗi a kan cibiyarta ba mai zuwa Agadas gobe. Ya ce in gama wannan gefen da sauri, awa guda ba shekara goma sha huɗu ba ce. Shi zai je gida ya samo abin da za a tokare ɗaya gefen.

Haka na koma na zauna a ƙasa, fuskata taƙi biyu daga kujerar. Tsohon diskin ya ƙi fita. Tsatsa da yashi sun haɗe shi da cibiyar taya. Na zuba masa mai, na ɗauki guduma na shiga bugun gefensa ina juya shi. A bugu na uku na lura da wani abu. Duk sanda na buga, motar ta amsa, kujerar ta amsa, sai wani gari mai ruwan toka ya zubo daga gindinta ya kwanta a ƙasa. Ƙanzon nan ne da matata ta kasa kankarewa. Sau nawa ta share irinsa da tsintsiya, ta sunkuya a kansa, da safe kafin ta hura wuta? Guduma ta yi mini nauyi a hannu.

Maƙwabcina ya dawo yana gangaro da tsohon turmin matarsa. Da ya ga garin, ya ɗauki buta ya yayyafa masa ruwa don kada iska ta ɗauka. Ya warware gefen rawaninsa ya yage, ya ce in ɗaure hanci da baki. Na ɗaure ban yi gardama ba. Ina jin wannan ne karo na farko da ya ce in yi abu na yi.

Diskin ya saki. Na goge fuskar cibiyar da takardar yashi har ta yi haske, don in datti ya rage a nan sabon ma karkacewa zai yi. Na wanke sabon da fetur, na zaunar da shi. Ina cikin tura fiston baya don falaket su samu wuri, jiniya ta yi kuka daga nesa. Muka janye jiki. Sai ga nakiyar, gim, daga ƙarƙashin ƙasa. Kwanuka suka yi ƙara a ɗaki, kirik ya goce ya faɗi gefe. Motar ta yi rawa ta tsaya cak a kan kujerar, ko motsi kujerar ba ta yi ba. Aikina ne, kuma na yi shi da kyau. Na ji kamar in yi kuka.

Muka mayar da etiriye, na ɗaure noti, na sa taya, na sake ɗaga motar da kirik, muka turo kujerar waje, na sauke motar. Maƙwabcina ya kawo buhu biyu, muka tura kujerar ciki da sanda, ya kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar da shebur ya haɗa, har da ta wurin murhu, har da ƙullin kanwar. Muka ja buhun zuwa kangon bayan gida. Ya ce mutanensa za su zo su ɗauka su kai inda ake kai irinsa. Muka wanke hannu har gwiwa, muka tafi masallaci. Ban san abin da liman ya faɗa ba ranar.

Gefen dama a kan turmi na yi shi, ni kaɗai, bai ba ni wahala ba. Da na gama na shiga motar na yi ta taka birki tana tsaye har ya yi tauri, don wanda ya manta wannan zai taka a hanya ya ji ƙafarsa ta nutse. Na fita na zaga unguwa, na bi ta bakin tasha, na taka a hankali, na taka da ƙarfi. Sitiyari bai yi ko gezau ba. Tun da na sayi motar ba ta taɓa tsayawa da kyau haka ba. A hanyar dawowa na shirya ƙaryata tsaf: zan ce nauyin mota ya fasa marfin, na kai wa mai walda, sai mun dawo.

Na tarar da ita ta taso daga tabarma. Tana zaune a ƙasa a bakin murhu, a gefen ramin da shebur ya bari, ta jingina da bango. La'asar ta yi, rana ta faɗa kan katanga. Na tsaya ina goge hannu da tsumma.

“Kujerar nan,” na fara, “marfinta ne ya...”

“Malam, ciwo nake, ba kurma ba ce ni. Na ji kukan abin.”

Na ajiye tsumman.

“Ita ce ta sa mini?”

“Ya ce shi ba likita ba ne. Ya ce bai sani ba.” Na tsuguna a gabanta. “Ni na kawo ta gidan nan. Sau biyu mutumin nan yana roƙona ya auna, ina korarsa. Ki yafe mini.”

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Kamar ma ba ta ji ni ba. Idonta na kan ramin, bakinta na motsi. Can ta ɗago.

“Biyu ka yanka.”

Wallahi tallahi, tun safe har zuwa lokacin, ko sau ɗaya ɗayar ba ta faɗo mini a rai ba. Ina ta kaina, ina ta fushina, ina ta ƙaryar da zan yi.

“'Yarka a kanta take ba yaronta nono,” in ji ta. “Ni na ce mata ta riƙa zama a kai, ta fi ta itace, ba ta girgiɗi. Ga wani cikin kuma. Ba ni wayar.”

Na ce bari in kira, ai ni nake yi mata magana. Ta miƙo hannu kawai, siririn hannun nan mai baƙaƙen tabo. Na danna lambar na ba ta. Ta yi ƙara sau huɗu. Na jiyo muryar yarinyar daga nesa, da fara'arta, tana cewa Baba kun shirya, na gyara muku ɗaki, ga kukan jaririn kusa da bakin wayar.

Matata ta kira sunanta. Cikakken sunan da na raɗa mata ranar suna, da ƙarfi, har sau biyu. Can ɓangaren aka yi tsit, don yarinyar ba ta taɓa jin sa a wannan murya ba.

“Inna? Lafiya?”

“A kan me kike zaune?”

“A kan kujerar Baba mana.”

“Tashi,” in ji matata. “Ɗauki yaron ki tashi yanzu.”